Zagi Na Goma Sha Biyu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi labarin Auta. Jan kati biyu ke nan a bana, kuma koci ya ce na uku sallama ce. 'Yan gaban abokan karawa sun gano lagonsa: kalma ɗaya a kunne, sai ya manta da ƙwallo. Ni da aikina wanke rigunan ƙungiya ne da jera takalma, na ɓullo da wata dabara, ban san ko mai kyau ba ce. Na rubuta zagi goma sha biyu a littafina. Kullum bayan atisaye sai in tsaya bayansa, in riƙe masa riga, in raɗa masa guda. Wanda ya jure kwana uku a jere, in soke shi. Jiya na ce masa mai ƙaton kai, ya yi dariya ya ce gadon gida ne. Sha ɗaya sun soku.

Na sha biyun na rubuta, amma bakina ya ƙi furta shi. Maganar Mama ce, ranar da ciwonta ya tashi ta fita titi, Auta yana bin ta da zane a hannu. Wataƙila bayan wasan Asabar.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Akawu

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya.

Abin ya faru. Minti na saba'in da huɗu, ana shirin bugun kusurwa, mai lamba tara na baƙi ya matso ya yi wa Auta magana. Na ga kafaɗun Auta sun sauka, na ɗauka ya haɗiye. Sai ya juya ya sa masa kai. Muƙamuƙin yaron ya karye biyu, yanzu da bututu yake shan abinci. An dakatar da Auta shekara biyu, koci ya karɓi rigarsa. Shekararsa talatin da ɗaya.

Ya ce mutumin har kalar zanen ya faɗa, shuɗi. Tun ranar yake tambayar wa ya kai maganar waje. Ya fara zargin mijinki.

Yaya, da safen Asabar ni na share ɗakin da baƙi ke sauya kaya. Na ajiye littafin a kan benci don in ɗauki bokiti. Ban tuna da shi ba sai bayan hutun rabin lokaci, na same shi a buɗe. Sau huɗu ina rubuta wannan layin ina yagewa.

Ki sa mu a addu'a.
Akawu

Yaya,

Bayan gaisuwa, na bi shawararki.

Na sami Auta a ɗakinsa yana cire laka daga takalman da ba zai sake sawa ba. Na miƙa masa shafin, na cire gilashina na ajiye, na tsaya inda hannunsa zai kai. Ya karanta har ƙasa. Ya tambaye ni ko shuɗin ma sai da na rubuta. Na ce e, ina son komai ya zama daidai.

Bai taɓa ni ba. Ya ninke takardar, ya sa mini a aljihu, ya riƙe mini ƙofa. Yau kwana tara, in na gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Wata biyar ina koya masa haɗiye fushi. A kaina ya fara iyawa.

Ki ba mijinki haƙuri. Ki kira Auta, ke yana ɗauka.

Ƙaninki, Akawu