Muryar Rediyo a Wayar Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Umma da Baba. Direban makaranta na ba wannan takarda. Don Allah ki karanta ke kaɗai.

Yaya, an yi mini abin da ko a littattafan soyayya ban taɓa cin karo da shi ba. Kin san Malamar Hausa ta buɗe wa iyaye zaure a waya. Kowane mako takan naɗi muryar ɗaliba ɗaya tana karanta abin da ta rubuta, ta tura musu, ranar Alhamis kuma ta jona wayar da lasifika mu ji amsoshinsu a aji. Wannan makon labarina ta zaɓa, na yarinyar da ta tsaya jiran wani a tashar mota har ruwan sama ya yi mata jagab. Da ta miƙo mini wayar sai na mayar mata da ita. Na roƙe ta ta ba wata ta karanta, kada ma a ambaci sunana. Sai ta ba Rediyo, yarinyar da gadonta ke saman nawa, wadda bakinta ba ya hutawa ko tana barci.

Ranar Alhamis muna zaune sai ga muryar Baba, ana jin ƙarar zarto a bayansa: “Kai, wannan yarinya Allah ya yi mata albarka! Sau uku na saurara. Iyayenta sun yi dace.”

Baba fa, Yaya! Baban da in na kai masa sakamakon jarrabawa sai ya ce “to madalla”, ko guduma bai ajiye ba. Aji ya kaure da tafi. Rediyo ta waiwayo tana fari da ido ta ce, “Shiru-shiru, ashe Babanki ya san abu mai kyau.” Na yi murmushi, amma zuciyata kamar an watsa mata barkono. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ki taimake ni ki faɗa masa ni ce na rubuta. Amma ki yi kamar suɓutar baki ce.

Ki gaida Umma. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta sarkin kuka,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, Umma na gaishe ki.

Sau uku ya ce muku? Ai ya yi kara. Duk wanda ya zo karɓar kujera ko gyaran ƙofa sai ya zaunar da shi ya kunna masa. Jiya har cewa ya yi in tambaye ki ko kin san yarinyar, ki riƙa zama kusa da ita ko kya tsinci wani abu.

Faɗa masa kuwa, ba zan yi ba. Ni ba lasifikarki ba ce. Ke kika ce a ɓoye sunanki, aka ɓoye, yanzu kuma kin zo kina jin haushin wadda ta yi miki aikin. A littattafan nan da kike cusawa ƙarƙashin katifa, jarumar tana yin shiru sai a zo a gano ta a shafi na ƙarshe. Baba kafinta ne, abin da aka ajiye masa a gabansa shi yake aunawa.

Ga ɗan ƙunshi nan a hannun direba. Ba naki ba ne, kada ki yi saurin murna.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta koyaushe, duk da kin ƙi ni.

Na buɗe ƙunshin. Akwatin alƙaluma ne, Baba ya goge shi sumul, har da ɗan fure a murfin, da takarda a ciki: “A ba yarinya mai labari.” Shekarata goma sha shida a gidanmu, ko maratayin kaya bai taɓa yi mini nawa na kaina ba. Kwana biyu yana ƙarƙashin matashina ina shaƙar ƙamshin katakon, Rediyo tana sama tana ta zuba. Na so in tsane ta sosai, sai ta ɓata mini shiri. Ta leƙo da kai ta ce, “Ke, wai yaushe za ki rubuta ci gaban? Ina so in ji ko mutumin ya zo.”

Jiya na sami Malama a ofis. Ta ce ba za ta rubuta wa iyaye komai ba, in ina so a sani sai dai in faɗa da bakina. Ta ajiye mini wayar a kan tebur, ta fita ta ja ƙofa. Sau shida ina naɗa ina gogewa. A na bakwai na faɗi sunana da na Baba, na ce labarin tasha nawa ne, na karanta shi tun daga farko, muryata na rawa kamar ta ɗan akuya. Kafin in sake gogewa ta shigo ta tura.

Akwatin yana wurina har yanzu. Ai “mai labari” ya rubuta, ko ba haka ba? Ki faɗa mini yadda fuskarsa ta yi. Kada ki rage komai.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka.

Na ji saƙonki. Sai da na sallami kowa daga shago na kara wayar a kunne, don muryar taki ba ta fita. Yayarki ta ce akwatin yana wurinki har yanzu. Gaskiya waccan yarinyar ta fi ki iya karatu, saboda haka ki ba ta akwatinta. Naki tebur ne, na riga na yanka katakon.

Amma tunda ke kika rubuta, in kin zo hutu ina da tambaya. Wane ne wannan da ake jira a tasha?

Babanki