Sun Mayar da Muciyata Bindiga

Daga admin: wata uwa ce ta turo wannan da murya, ta ce a ɓoye sunanta. Na rubuta shi yadda ta faɗa.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da tsawon maganata, ni ban iya gajeren zance ba. Ban yi boko ba, shi ya sa na aika murya. Sunayen da za ku ji duk na sauya su, garinmu ma ba zan faɗa ba, wani ƙauye ne dai a yammacin ƙasar Katsina, inda daji ya fi mutane yawa.

Yau wata biyu ke nan ina Guangzhou ta ƙasar Sin. Autana ne ya aiko aka kawo ni, matarsa Hindatu ta haihu, na zo wankan jego. Shi ɗan kasuwa ne, yana da ofis a wani dogon bene da ake ce wa Tianxiu, yana saya wa mutanen gida kaya ya aika musu a kwantena. Muna zaune a unguwar Dengfeng, can sama, ɗaki biyu da ɗan kicin da in kika juya sai kin bugi bango. Ban zo da fitina ba. Kuka na zo da ita da daddawa da kanwa, sai muciyata, don ban yarda da tuwon da aka tuƙa da cokali ba.

To kafin in kai ku ga abin da ya faru a nan, sai na koma baya. Ubana maharbi ne. Tun ina yarinya na iya ɗura albarushi a bindigar gargajiya, wadda muke kira adaka. Doka biyu ce a gidanmu, ba a nuna mutum da bakinta ko da babu komai a ciki, ba a kuma yin alfahari da abin da ta yi. Mijina ma yakan taɓa farauta, da ya rasu ya bar tasa rataye a ɗakina.

Shekara shida da suka wuce, da damina, dawa ta fi mutum tsawo, bayan la'asar sai muka ji babura. Maza duk suna gona. Daga ni sai mata biyu da jikoki biyar a gidan. Muka ji harbi ta wajen garken shanu, na tura kowa ɗaki, na sauko da adakar, na ɗura ta, na tsaya a bayan danga. Ina nan tsaye, sai na ga dawa tana motsi, mutum yana tahowa a guje a sunkuye, ya nufo gidan. Ban kira ba, ban tambaya ba, na ɗana. Mutanen dajin da suka ji ƙarar suka kora shanun da suka samu suka tafi, ba su shigo cikin gari ba. Gari ya ɗauka, tsohuwa ta kori ɓarayi ita kaɗai.

Amma wanda na harba ba ɓarawo ba ne. Isuhu ne, ƙanin mijina, ya yanko ta cikin dawa don ya zo ya fitar da yaran. Ni na fara isa kansa. Gwiwarsa ta tarwatse, yana kwance cikin jini, ya dube ni ya ce, matar yaya ashe haka kika iya saiti? Sannan ya riƙe mini hannu ya ce in rantse ba zan faɗa ba, za a ce mutanen daji ne, don kada hukuma ta kama ni, kada kuma 'ya'yanmu su tashi da wannan a tsakaninsu. Na rantse. A asibiti aka yanke ƙafar. Likitan da ya ciro ƙarafunan ya dube su, ya dube mu, ya ci gaba da aikinsa. Daga ranar har yau daga ni sai Isuhu sai Allah. Auta ma bai sani ba, yana nan Sin a lokacin, labarin da gari ya sani shi ya sani.

Ana nan ana nan, makonni uku da suka wuce sai ga wani babban ɗan fim na Hausa ya zo garin nan sayen kyamarori da fitilu. In na faɗi sunansa ba wanda bai san shi ba, don haka zan kira shi Mai Tabarau, tunda ko a cikin ɗaki ba ya cire shi. Auta ne yake yawo da shi kasuwa. Hindatu ce ta warware mini zancensu, ta ce 'yan fim yanzu sun rabu gida biyu, kowane ɓangare da ɗan siyasar da yake bi. A zaɓen da ya wuce wannan Mai Tabarau shi ne yake fitowa a waya yana cewa duk mai bindiga a ƙauye ya miƙa ta ga hukuma, na tuna muryar, mun ji ta a garinmu. Yanzu sun ɓata da wancan ubangidan, ya koma bayan wani mai neman kujera, wanda ya ce in ya hau kowane magidanci zai sami izinin ajiye bindiga. Shi ne yake son haɗa bidiyon talla a kan haka. Kwana uku suna zaga kasuwanni suna neman bindigar roba mai kama da ta gaske, duk shagon da suka shiga sai a ce musu meyo, wato babu. Har wani mai shago ya ja Auta gefe ya ce masa a ƙasar nan ko ta roba ce tana iya kai mutum gidan yari. Garin hira a hanya Auta ya ba shi labarina, yana alfahari da uwarsa, ban ga laifinsa a nan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo barka, su huɗu. Ina kicin ina tuƙa tuwo. Mai Tabarau ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Iya sannu da aiki, ashe ke ce zakanyar da ake faɗa. Na ce ni ba zakanya ba ce, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Suka yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga waya, na zaci gaisuwa ake ɗauka a aika gida. Mai Tabarau ya ce da gaske na harba? Na ce na harba. Ya ce in ranar ta dawo zan sake? Na ce in ranar ta dawo zan sake ɗauka, don ba zan zauna a kwashe mini jikoki ina kallo ba. Sai na ɗaga muciyar na nuna shi da ita, na ce amma ɗana ka saurare ni, wannan abin ba ya bambanta naka da na wani, wanda duk ya taɓa ɗana shi ba ya sake barci irin na da, kada ka sa yaran mutane su ɗauka abin ado ne. Ya ce Allah ya ƙara girma Iya. Suka ci tuwo har da neman ƙari, suka tafi.

Bayan kwana huɗu Auta ya dawo daga ofis bakinsa har kunne, ya zauna kusa da ni ya kunna waya. Jama'a, ni ce. Fuskata ce, zanena ne, ɗankwalina ne. Amma babu kicin, sun sa ni a tsakiyar daji, kuma muciyar da ke hannuna ta zama baƙar bindiga irin ta mutanen dajin, wadda ban taɓa ko shafa irinta ba. Da kwamfuta suka yi wai. Ga kiɗa kamar za a fita yaƙi. Maganata ta tsaya daidai inda na ce zan sake ɗauka, duk abin da ya biyo baya sun yanke, sun bar ni ina nuna mutane da bakin bindiga. A ƙasa akwai rubutu, Hindatu ta karanta mini, wai Iya mai bindiga, sai hoton mai neman kujerar. Na ce a kashe. Rabona da jin abin da na ji a ƙirjina tun ranar dawa.

A ranar muka yi ta da Auta, abin da ba mu taɓa yi ba. Na ce ya je ya ce a goge. Ya ce ba zai iya ba, ya riga ya ba da baki a gaban mutane, kuma mutumin ya yi masa alƙawari duk kayan fitilu da kyamarori na ɓangarensu ta hannunsa za su riƙa bi, zai kuma ambaci sunan kamfaninsa. Ya ce shekara tara yana garin nan yana neman irin wannan ƙofar. Ya ce abin da ya rage ƙarami ne, in sa farin hijabi in zauna in faɗi kalma uku, kowane gida bindiga, shi ke nan. Na ce ko ɗaya ba zan faɗa ba. Sai ya ce, Inna ai ba ƙarya aka yi miki ba, kin harba ko ba ki harba ba? Na tashi na ɗauki jaririn na goya, na bar masa ɗakin. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, yana cin tuwona kansa a ƙasa.

Kada ku ce ɗaya ɓangaren ya fi. Ban san yadda maganar ta fita ba, sai ga wata 'yar fim ta wancan gidan ta kira Hindatu, wai ta ji an zalunci tsohuwa, in fito in ce tilasta mini aka yi, in kuma ce bindiga a hannun talaka masifa ce, kowa ya miƙa tasa. Na karɓi wayar na tambaye ta da wa take tafiya in za ta bi hanyar garinmu. Ta ce da 'yan sanda biyu. Na ce to shi ma Mai Tabarau da biyu yake tafiya, ku duka kuna da masu tsaya muku, mu da ba mu da kowa kuke wa kiɗa, wannan ya ce mu ɗauka, wannan ya ce mu ajiye. Na ce ba zan ce talaka ya ajiye adakarsa ba, don ban ga wanda zai zo ya tsaya masa ba, ba kuma zan ce abin alheri ce ba, don na san abin da na sani. Ta ce me na sani? Na kashe wayar.

Shekaranjiya na sa aka kira mini Isuhu. Na gaya masa komai. Ya yi dariya har yana tari, ya ce matar yaya kin zama 'yar fim ke nan, to ki sayo mini ƙafar roba ta Sin, an ce tasu ba ta tsada. Sannan ya ce maganar da muka binne a cikin dawa in bar ta a can. Na tambaye shi Lawali, babban ɗansa. Yaron nan tun da aka yanke ƙafar ubansa ya shiga 'yan sa-kai, ya rantse ba zai zauna ba sai ya rama. Isuhu ya ce kwanan yaron goma sha ɗaya a daji, duk fitar da ya yi shi uban ba ya iya cin abinci sai ya dawo. Na ce Isuhu, ƙaryarmu ce ta kai yaron nan daji, yana neman wanda ya harbi ubansa, ga ta nan zaune a Sin tana goyon jika. Yanzu kuma zai buɗe waya ya ga innarsa da baƙar bindiga, ya nuna wa abokansa ya ce ku ga jininmu, wasu ma su biyo shi. Ya ce in kin faɗa, da wane ido zai dube ki, ni kuma da wane ido zai dube ni? Rantsuwa tana nan, in ji shi.

Ga inda nake ke nan. Laraba Mai Tabarau zai dawo da farin hijabinsa, Juma'a yana sauka gida zai saki bidiyon, ko na zauna ko ban zauna ba, haka ya gaya wa Auta. Zama dai ba zan zauna ba, wannan na gama da shi, duk mai niyyar ba ni wannan shawarar ta huta. Ba na kuma neman a ce mini ban yi laifi ba, na san abin da hannuna ya yi, na kuma san dalilin da ya sa ya yi. Zuciyata tana ce mini in sa Hindatu ta ɗauke ni a wayarta, a kicin ɗin nan, in faɗi maganar tun daga farko har ƙarshe ba mai yanke mini, ta riga tasu fita. In na yi haka na karya rantsuwar da na yi wa mutumin da ya ba da ƙafarsa ya rufa mini asiri, na kuma rufe wa ɗana ƙofar da ya daɗe yana jira. In na yi shiru, fuskata za ta shiga kowane ƙauye tana kiran 'ya'yan mutane zuwa ga abin da ni kaina ban warke daga gare shi ba.

Masu ilimi a cikinku ku gaya mini, rantsuwar da ta zama sanadin yaro yana kwana a daji, har yanzu tana kaina ko zan iya yin kaffara in sauke ta? Iyaye mata ku gaya mini, akwai hanyar da zan tsayar da bidiyon nan ba tare da na tone wa Isuhu abin da ya binne ba? In kuma babu, in faɗar ta zama dole, don Allah wa zan fara kira in gaya wa, ɗan da na haifa ko ɗan wanda na harba?