Ɗaki Shida a Treichville

Litinin, 15 Afrilu 2024

Yau aka miƙa mini makullan gidan Treichville, a nan Abijan. Ɗaki shida, famfo ɗaya a tsakar gida, kwanon rufi duk tsatsa. Teburin namana na kasuwar Adjamé na sayar na saya, don gwiwoyin nan sun ƙi tsayuwa. Hayar gidan ce za ta ciyar da ni da matata Kande har mu mutu. Mu mun ɗauki ɗaya, biyar na haya.

Asabar, 27 Afrilu

Sha'ibu dillali ya zaga gidan, ya ce a gyara kwano kafin ruwan Yuni. Sai ya ƙara da cewa, "Mati, kada ka saka 'yan garinku, baƙo ba ya biyan haya." Na ji haushi. Ni da na sauka unguwar Roxy da jaka ɗaya, marigayi Alhaji Tukur ya ajiye ni shekaru bai taɓa tambayata komai ba.

Laraba, 8 Mayu

Maso, wato magini, ya gama gyaran ɗaki biyu. Kafin fenti ya bushe, Labaran ɗan ƙanwata ya iso daga garinmu Tawa, wai zai nemi aiki a tashar jiragen ruwa. Ɗaki ɗaya ya tafi. Yaya zan yi?

Juma'a, 24 Mayu

Labari ya kai gida: Mati ya yi gida a Abijan. Masu ragunan layya suna ta sauka. Sallama, tabarma, shayi, shi ke nan mutum ya zauna. Wata malamar asibiti ta zo da kuɗin haya a hannu, ta ga raguna ɗaure a bakin famfo, ta juya. Wallahi kamar in yi kuka.

Lahadi, 9 Yuni

Ruwa tun asuba. Bokiti a kowane ɗaki. Maso ya kwashe kayansa, ya ce in neme shi in na samu kuɗi.

Alhamis, 20 Yuni

Layya ta wuce, raguna sun ƙare, masu su ba su tafi ba. Ɗaki huɗu, ba mai biya. Na yi niyyar yi wa Labaran magana, ya ce, "Kawu, Allah ya bar mana kai." Na ce amin na wuce. Kande ta fara sayar da kunu a ƙofar gida, da tsufanta. Saura ɗaki ɗaya. In ya tafi, mun tafi.

Talata, 25 Yuni

Ɗakin ƙarshe na ba wani direban gbaka, ƙaramar bas ta haya, ɗan nan ƙasar. Gobe zai tare.

Da la'asar wani mutum ya yi sallama, jakarsa a jiƙe. Hausarmu ce tsantsa, ta Tawa. Ya ce sunansa Kailu, an ce masa ya tambayi gidan Mati. Na dube shi na ce da Faransanci ba wuri, ya gwada gaba. Ya sake maimaitawa a hankali, yana zaton ban ji ba. Na sake ba shi amsa da Faransanci. Ya yi godiya ya fita cikin ruwa.

Ba komai ba ne. Kowa haka yake yi a garin nan.

Kande tana jinmu. Ashe ta riga ta auna shinkafa har da tasa. Ina kallo ta mayar da gwangwani ɗaya cikin buhu.