Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Zuwa ga Siddiƙa, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar gawona ranar da sauran itatuwa suka kaɗe ganye, farin watan da nake duba kafin kowa ya duba,

Sallama daga zuciyar da aka soka ba ta mutu ba.

An ce ranar Juma'a kawunki Ɗantsoho zai dawo mana da kayan sa rana. Laifinmu? Gwajin jini ya ce ni AS, ke ma AS, wai duk cikin da za ki ɗauka, ɗaya bisa huɗu sikila ce. Har zaunar da ni ya yi yana lissafa min da yatsu! Ni? Ni da na goya ƙanwata Amatullahi zuwa asibiti tana ihun ƙasusuwanta, ni da na sa ta a kabari da hannuna, ni za a koya wa sikila?

Kin tuna la'asar ɗin nan a dakalin gidanku, da na nuna miki lambar da na tsinto a karance-karancena, 2,147,483,647? Na ce ba abin da ke raba ta daidai sai ɗaya, sai ita kanta. Kika ce ƙaryarmu ce ta masu gyaran waya, kika fizge wayata, kika gwada uku, bakwai, goma sha ɗaya, kullum sai saura ya fito kamar tsakuwa a shinkafa. Kika yi ta dariya har mayafinki ya zame. Wayyo, wannan dariya!

Abin da ban gaya miki ba shi ne asalinta. Biyu ake jerawa guda talatin da ɗaya, a ninka su, sannan a cire ɗaya. Kafin a cire, ba ta da ƙashin baya: raba biyu, raba biyu, har ta ƙare. Ɗayan nan da aka yanke mata shi ya sa ta gagari kowa.

To mu ma a yanke mana, masoyiyata. Na haƙura da haihuwa. Ba ragon suna, ba zanen goyo, ba jinina a bayana. Marayun yayana Saminu suna nan Baure ba mai riƙo, su ishe mu.

Na san abin da nake roƙo ba nawa ba ne ni kaɗai. Ke za a nuna da baki a gidan biki, ke za a kira juya alhali lafiyarki ƙalau, ni kuwa namiji ne, wa zai tanka min? Wannan rashin adalcin ne ke cin raina, amma ba zan ɓoye miki shi ba.

In kin yarda, faɗa wa Kawu da bakinki kafin Juma'a. In ba za ki iya ba, wallahi ba zan ga baƙinki ba. Ni zan buɗe masa zaure, in karɓi kayan da hannu biyu, in ma yi masa godiya.

Naki, ko an kawo kayan ko ba a kawo ba, har a mai da ni kusa da Amatullahi,

Sagir
Daura