Tagar Ɗakin Hawwa

Yantala, Yamai

Zuwa ga ƙanena Yakuba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya sanyin Tamanrasat? Allah ya tsare mana kai, ya maido ka gida da alheri. Mu nan alhamdulillahi. Matarka Hawwa tana samun ƙarfi, jaririyarka Habsatu, takwarar marigayiya Inna, sai tsotso take tana ƙiba. Da gangan na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, na san ka, ba ka da haƙurin kaiwa ƙarshen magana.

Rishon ɗumama ɗaki da ka aiko ya iso lafiya. Lawali maƙwabcinmu, da yake ya yi zaman Aljeriya, shi ya kafa shi a daɓe, nesa da labule da gidan sauro, ya gyara lagwani har wutar ta yi shuɗi. Ya ja mini kunne kada a zuba kananzir yana ci ko yana da zafi, a bari ya huce a fito da shi tsakar gida, kuma kada in sayi na kwalaben bakin titi, ana gauraya shi da esansi, wato fetur. Ya nanata har ya ishe ni cewa a bar taga a buɗe ko yaya, wai abin yana shan iskar ɗaki kamar mutum.

Ana haka Gwaggo Ladi ta iso daga Maraɗi don wankan jego. Ka san halin Gwaggo. Ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin maijego da taga buɗe ba, sanyin gulbi zai shige ta ya zauna mata a ƙashi har tsufa. Na faɗa mata abin da Lawali ya ce, ta tambaye ni shi Lawalin sau nawa ya haihu. Haka muka yi ta yi, in na buɗe ta rufe.

Ran Alhamis da hantsi, bayan wanka, Hawwa ta sha kunun kanwa ta kwanta da jaririyar. Gwaggo ta tafi kasuwa sayen kayan yaji. Ashe kafin ta fita ta cusa tsummoki a taga, ta rataya bargo a ƙofa, ta ƙara wa risho wuta. Ina tsakar gida ina wanki, sai na lura gidan ya yi tsit, irin shirun da rai ba ya so. Can na ji tari daga cikin ɗakin. Yakuba, tarin Inna ne, busasshen nan da take yi kafin ta kira mutum. Sannan aka ce, "Tanoma." Tun da aka kai Inna makwancinta ba wanda ya kira ni da sunan nan, kai ma ba ka taɓa isa ba.

Na yaye bargon na faɗa ciki. Iskar ɗakin ta yi nauyi, wutar ta koma ja tana lumshewa. Kyanwarmu na kwance gindin gado ba ta motsi. Hawwa ido rabi a buɗe, na girgiza ta, jiki ya saki. Jaririya ko uhum. Na sungume ta na fito ina ihu, Lawali ya shigo ya kashe rishon, ya ɓalle tagar, muka zuba su a taksi sai asibiti. Likita ya ce wani hayaƙi ne marar wari marar launi da ke taruwa in an toshe ɗaki, da an ƙara ɗan jimawa da sai dai wani zancen. Kyanwar kam ba ta tashi ba.

Da Hawwa ta farfaɗo, ta ce wata gajeriyar tsohuwa ta zauna a bakin gado tana yi wa jaririyar fifita da faifai, ɗan yatsanta na hagu a lanƙwashe, tana ce wa ita Hawwa kada ta yi barci, ta riga ta kira Tanoma. Likita ya ce hayaƙin kan sa mutum gane-gane. To, ni da ke tsakar gida wane hayaƙi na shaƙa? Kuma ka san haka yatsan Inna yake, ga shi ta rasu kafin ka auro Hawwa, ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba ko sau ɗaya. Hawwa ta kama hannuna tana tambayata wace ce Tanoma, ni kuwa sai hawaye.

Kada ka yi wa Gwaggo faɗa, ta yi kuka har idonta ya kumbura, ita gata ta yi nufi. Da bakinta ta sa aka cire marfin tagar gaba ɗaya. Abin da nake roƙonka, ka yi wa Inna sadaka ran Juma'a, ka sa a yi mata addu'a. Rishon muna nan muna kunna shi, taga buɗe. Ban sake jin tarin ba, kuma wallahi ban san ko murna zan yi ba, don kullum da hantsi sai in tsinci kaina na tsaida wanki ina saurare.

Hawwa da Gwaggo suna gaishe ka, Lawali ma haka. Ka gaida Kawu Bawa da iyalinsa. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Salima