Sun Ce Ni Boka Ne Don Na San Lokacin Iska

Malam mai fili, don Allah ka agaza min da shawara kafin in ɓata da kawuna.

Ni mai wanke gilasan dogayen benaye ne a wani gari na bakin teku, nesa da gida. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya kawo ni, shi ne kuma shugabanmu a wurin aiki. Ba zan zage shi ba, ya riƙe ni lokacin da ko tabarma ba ni da ita. Amma na gaji, Malam. A kan igiya furfura ta same ni.

Da safe iska kwance take, kwandon ƙarfen da ake zuro mu a ciki ko motsi ba ya yi. Da rana ta take, siminti ya ɗau zafi, sai iska ta taso daga teku. Kafin la'asar kwando na dukan bango, bokiti na tuntsurewa, ni ina ƙanƙame da igiya ina salati. Ranar da aka wuni da gajimare kuwa, lafiya lau. Na lura har ina iya faɗin ko za a yi iska tun da hantsi. Laifina ke nan. Yanzu sunana Boka. In na shiga ɗakin kwananmu sai wani ya miƙo min tafin hannu, wai in duba masa ranar aurensa. Kawu ya ce iska ta Allah ce, in daina shiga gaibu. To da ni na ce ta wa ce?

Makon jiya kwandon ya fasa gilashi, har yanzu da ɗinki a hannuna. Na yanke ba zan ƙara hawa bangon da ke kallon teku bayan azahar ba, ko da kora ce. Yadda zan faɗa masa ne ban sani ba.

Naka, Mai Igiya

Mai Igiya, Allah ya ba ka lafiya. Ba duba kake yi ba, lura ce. Rana tana gasa ƙasa da gine-gine da sauri fiye da yadda take ɗumama ruwa. Iskar gari ta yi zafi ta tashi sama, sai mai sanyin da ke kan teku ta kwararo ta cike gurbinta. In gajimare ya tare rana, ƙasa ba ta gasuwa, iskar sai ta yi rauni. Wanda ya halicci iska shi ya tsara mata wannan, bai kuma hana mu kallo ba. Sai dai kada ka saki jiki, hadari da tasa iskar yake zuwa.

Kawunka ma ka yi masa adalci. Masu bene na jiran aiki a wuyansa, kuma ina zargin a gaban yaransa kake gyara masa zance. Ka same shi shi kaɗai bayan ya ci abinci. Kada ka fara da ƙin hawa, ka fara da tsari: bangon teku da sassafe, bayan azahar gilasan ƙasan bene da na ciki. Aiki bai ragu ba. Ka ɗaura tsumma a saman rufi, ya riƙa ganin lokacin da yake miƙewa da idonsa.

In ya ƙi, ka tsaya a kan abin da ka yanke, cikin ladabi. Ka tuna masa a hankali cewa in wani abu ya same ka, shi ne zai ɗauki waya ya kira yayarsa.

Allah ya sauko da ku duka lafiya, har da masu neman ranar aure.