Ranar da Aka Karɓe Miki Taɓarya

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Kin tuna farkon zamanmu jihar Kebbi, lokacin da zuciyarki ta fara yi miki wasa? Da kin ɗaga taɓarya kina dakan gyaɗar ƙuli, sai zuciyar ta hau bugawa barkatai, ki dafa turmi har jirin ya wuce. Da kin zauna kuma, shiru.

Na kai ki wurin likita a Sakkwato. Ya manna miki wayoyi a ƙirji, ya rataya miki ɗan akwati kamar ƙaramar rediyo, mai naɗar bugun zuciya yini da kwana. Ya ce ki koma gida Jega ki yi aikinki yadda kika saba, don akwatin ya kama ciwon yana cikin yi.

Kafin mu sauka mota labari ya riga mu isa. 'Yan dubiya suka zo daga Gehuru, dangin Baba suka taso daga Aliero. Ƙanwarki Hassi ta karɓe taɓaryar. Na maimaita maganar likita, ta ce ba a gabanta za ki yi daka da wayoyi a jiki ba, mutane su ce ba ki da kowa.

Aka shimfiɗa miki tabarma, ana yi miki fifita, ana dama miki fura. Kika kalle ni kina dariya kika ce, "Bar ni in ɗanɗana, ashe haka masu hutu ka ji."

Akwatin bai kama komai ba. Likita ya ce in abin ya sake tashi mu dawo, mu kuwa muka ji kamar an ce kin warke. Kika koma turminki. Kafin kaka, a gindinsa aka same ki.

Na san ajali ba ya jira, Inna, amma abin yana ci mini rai har yau. Ƙauna ce ta zaunar da ke, ita ta ɓoye ciwon. Sau da yawa nakan so a ce an bar ki kin yi dakanki ranar. Sai kuma in rasa bakin faɗa, don tun da na buɗe ido, ranar kaɗai na taɓa ganin kin huta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Ɗanki,
Sahabi